Gwangwanayen Hamdiya

A ƙarƙashin gadonmu a Asawase
akwai gwangwani huɗu na madarar gari.
Hamdiya ta wanke su, ta shanya a rana,
ta sa musu suna da jan farce:
Haya. Tukunya. Makaranta.
Na huɗun ta bar shi haka nan,
ta ce na ranar da ba ta yin sallama ne.

Ni tela ne, kuɗina bai san ƙarshen wata ba.
Ruwan Kumasi ne:
gab da Sallah ya cika kwata har ya yi ambaliya,
bayan Sallah ko ɗigo.
Kafin in tuɓe takalmi tana tsaye, tafin hannu a buɗe.
A kowane sidi goma, uku na mai gida,
huɗu na murhu,
biyu na Mutala da littattafan da yake ɓatarwa,
ɗaya ya faɗa cikin marar suna.
Na ce, ni fa?
Ta ce, kai ai ka ci naka a bakin tasha,
ga shito nan a gaban rigarka yana ba da shaida.

To, ran sunan ɗan Fuseini aka ce kowa ya yi kara.
Na durƙusa tana wanka,
na zare ashirin daga Haya,
na yagi gefen takardar awo na rubuta:
Aro ne. Juma'a zan mayar.
Ba sata ba ce in da rubutu, haka na gaya wa zuciyata.
Sai katin waya. Sai tsire a Aboabo da dare.
Sai wani takalmi da ya kira sunana a Kejetiya.
Juma'a ta zo ta wuce sau goma sha ɗaya
ba ta tarar da ni a gida ba.

Ran wata Talata Opanin Boakye ya ƙwanƙwasa,
mayafi a kafaɗa, murmushi irin na mai gida.
Haya ta ƙare, ya ce, ta kuma hau,
shekara biyu yake so a dunƙule.

Hamdiya ta juye gwangwanin a kan tabarma.
Sidi ɗari da tamanin,
da takarduna goma sha tara, fari fat kamar an yi suyar gurguru.
Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.
Ɗaya bayan ɗaya ta karanta su
da muryar mai raba gado,
Mutala na leƙe ta labule.

Sannan ta kwance bakin zane
ta fito da katin Baba Awudu mai susu,
ya yi laushi don ninki, layi-layi da sa hannu.
Ta ce, tun takardarka ta farko na san ɓera ya gano hanya.
Ka tuna da ka ce miya ta rame?
Kifin da ba ka gani ba, ga shi nan.

Bai kai shekara biyu ba.
Shekara da wata huɗu ya biya,
Opanin ya ƙirga sau biyu, ya ce saura bayan Kirsimeti.

Yanzu daga Kejetiya a ƙafa nake dawowa,
yaran mota na kira, ina yi kamar kurma.
Kuɗin motar nake kai mata in fanshi takarda guda,
ta miƙo mini, in yaga da hannuna.
Saura bakwai.
Ta adana su cikin marar suna.

Jiya ƙamshin tsire ya tare ni a kwanar masallaci.
Na tsaya, hannu a aljihu, na daɗe.
Tsinke ɗaya na saya.
Na kai mata rabi, na kuma faɗi nawa ne.